Tarihin Waƙoƙin Madahu da Masu Amshinsu a Ƙasar Tambuwal da Maƙwabtanta

 Duk matafiyin da ya bi hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta nufi Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari har ya sauka Tambuwal, sa'an nan ya shiga garuruwan da ke kewaye da ita, kamar Sanyinna da Jabo da Dogon Daji, ko ya zarce ƙasar Kebbe wadda ta yi iyaka da Gummi, to, muddin tafiyarsa ta dace da kwanakin farko na watan Rabi'ul Awwal, ko dararen Ramalana, ko ranar saukar karatu a wata makaranta, ba makawa kunnensa ya tsinci abu guda, wato murya ɗaya ta ɗauko baiti, muryoyi masu yawa su karɓe mata. Wannan al'amari ya zame wa mutanen ƙasar jiki har ba su cika tambayar mafarinsa ba, alhali kuwa yana da tarihi mai tsawo wanda ya haɗa Andalus da Masar da Katsina da Degel da Gwandu da Kano, kuma malamai sun yi muhawara a kansa, mata sun yi dakonsa daga gari zuwa gari, kowane zamani ya sake masa tsari gwargwadon bakin mutanensa.

A ƙasashen Turai, idan aka ce an tsara waƙar ibada domin taron mawaƙa, abin da ake nufi shi ne wani gwani ya zauna da takarda mai layuka biyar-biyar, ya raba muryoyi kashi huɗu daga mafi siranta zuwa mafi kauri, ya rubuta wa kowane kashi hawansa da saukarsa, ya kuma ƙayyade wa masu busa da masu goge inda za su shigo da inda za su dakata. Ta wannan hanya ce waƙoƙin da Bach ya shirya domin Kirsimeti a 1734, da waɗanda Handel ya fara gabatarwa a birnin Dablin a 1742, suka wanzu har yau ana rera su kamar yadda masu su suka bari. Malamanmu ba su bi wannan tafarki ba, domin rubutun Larabci da na ajami lafazi suke riƙewa, karin murya kuwa sai dai a ɗauke shi daga baki. Amma suna da nasu hanyoyin tsari guda uku, waɗanda duk tarihin nan a kansu yake gudana: tahamisi, wanda ke faɗaɗa ƙasida, da tarjama, wadda ke fitar da ita daga harshen malamai zuwa harshen jama'a, da amshi, wanda ke raba ta tsakanin jagora da mabiyansa. Na huɗun, wato kayan kiɗa, shi ne wanda aka daɗe ana saɓani a kansa.

Yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da waƙa ya samo asali tun yana raye, domin Hassanu ɗan Sabitu da Ka'abu ɗan Zuhairu sun yabe shi a gabansa bai hana su ba. Sai dai keɓe wa madahu wani lokaci na shekara ya zo daga baya, sa'ad da bikin Maulidi ya yi ƙarfi a hannun sarkin Irbil, Muzaffaruddini, wanda ya rasu a 1233, sa'an nan sarakunan Banu Marin suka mai da shi bikin hukuma a Maroko a 1292. A cikin wannan ƙarni ne aka haifar da ƙasidu biyu waɗanda suka zama ginshiƙan karatun Maulidi a ƙasarmu. Ta farko ita ce Ishiriniya ta Abu Zaidi Abdurrahmani Alfazazi, mutumin Andalus wanda ya rasu a 1230, wanda ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya ba kowane harafi baiti ashirin masu ƙarewa da shi. Ta biyu ita ce Burda ta Imamu Busiri na Masar, mai baiti kimanin 160 a bisa karin Basiɗi da ƙafiyar mimun. Ishiriniyar da almajiranmu suka sani kuwa ba zallar ta Alfazazi ba ce, domin Ibnu Mahibu ya yi mata tahamisi, ya ɗora shaɗara uku nasa a gaban kowane baiti mai shaɗara biyu, suka zama biyar-biyar; ashe tun kafin ta tsallako Sahara hannu biyu ne suka gina ta.

Babu shakka Ishiriniya ta riga jihadi shigowa ƙasar Hausa da nisa, hujja kuwa ita ce waliyyin Katsina, Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya rubuta mata sharhi mai suna Annafhatul Anbariyya, kuma malami ba ya wahalar da alƙalaminsa wajen sharhin littafin da ɗalibai ba su karantawa. Yadda aka saba karanta ta shi ne, idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, a taru a zauren malami ko a harabar masallaci bayan lisha, a ɗauki harafi ko haruffa kaɗan kowane dare, har a kai daren sha biyu a raya shi gaba ɗaya zuwa asuba. Mai ja, wanda akan zaɓa saboda ƙarfin numfashi da zaƙin murya da kiyaye i'irabi, shi ke ɗauko shaɗarorin, jama'a kuma su tarbe shi a ƙarshen baiti, inda ƙafiya take komowa, ko su raba baiti da baiti da salati. A nan ne fa'idar tahamisi take bayyana ga mai lura, domin shaɗara huɗu na farko sukan tafi da ƙafiya guda wadda ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuwa kullum ya komo ga harafin babin, ta yadda ko wanda bai iya Larabci ba yakan san inda za a sauka, ya shirya numfashinsa ya shigo tare da 'yan'uwansa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, wanda aka haifa a Maratta a 1754 ya girma a Degel, cikin wannan al'ada ya tashi, kuma yana ɗan shekara ashirin ya yi ƙasidarsa ta Larabci mai ƙafiyar dalun, ta begen ziyarar Madina, wadda ƙanensa Abdullahi ya yi wa tahamisi. Amma da ya fita yawon wa'azi a ƙasar Kabi, sa'an nan ya yi kimanin shekara biyar a Zamfara, sai ya ga cewa makiyayi da manomi da matar da ke daka ba za su amfana da Larabci ba, saboda haka ya riƙa zuba tauhidi da hukunce-hukuncen tsarki da salla da bayanin mutuwa da hisabi a cikin waƙoƙin Fulatanci, almajiransa kuma suna yin irinsu da Hausa, a bisa karuruwan aruli irin su Kamili da Wafiri da Rajazu, domin abin da aka rera ya fi wanda aka faɗa zama a zuciya. Mata suna halartar majalisinsa a keɓe, har wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko masa da baitoci yana sukar wannan, Shehu ya umarci Abdullahi ya mayar masa da jawabi a waƙe, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi fitowarsu neman ilmi muni. Wannan jawabi shi ne ya share fagen abin da Nana Asma'u za ta yi bayan shekaru masu yawa.

Dalilin da ya sa ƙasar Tambuwal ta sami rabo mai yawa daga wannan gado shi ne wurin da Allah ya ajiye ta. Bayan hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu ta gangaro ta zauna Gwandu a 1805, shekarar da aka sha wuya a Alwasa. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa ya zauna yana karantarwa da wallafa har 1815, sa'an nan ya shiga Sakkwato inda ya rasu a 1817. Abdullahi ya riƙe Gwandu da yammacin daula har rasuwarsa a 1829, Muhammadu Bello ya riƙe Sakkwato da gabas, Tambuwal kuwa, wadda ke tsakanin waɗannan cibiyoyi biyu, aka damƙa ta ga Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda shi kansa sha'iri ne a harshen Larabci, zuriyarsa kuma suka gaji sarautar garin. Ke nan ɗalibin da ya taso daga Gwandu da takardunsa a gafaka yana nufin Sakkwato, da wanda ya fito Sakkwato yana nufin Gwandu ko Jega, ta wannan yanki suke ratsawa, suna kwana a zaurukan malamansa, a kwafi abin da suka zo da shi, a kuma ji yadda ake rera shi a inda suka fito.

A kan mas'alar kayan kiɗa kuwa, tun a wancan zamani shugabannin jihadi ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe a cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa inkari. Abdullahi ya fi shi tsanani, domin a 1807, da ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman mulki da dawaki da tufafi da molo da sarewa, sai ransa ya ɓaci ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, har mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Amma Shehu, a littattafansa na ƙarshe irin su Najmul Ikhwani, ya sassauta, ya yi nuni da cewa abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a gaggauta haramta shi ga jama'a, kuma an yarda da tambari domin tara mutane da ƙarfafa mayaƙa, da duffi ranar aure. Abin da aka fita da shi a aikace shi ne rabuwar fage biyu: fada ta riƙe tamburanta da kakakinta da makaɗanta, zauren malami kuwa ya riƙe murya tsura, ba ganga ba tafi. A kan wannan rabo ƙasar Sakkwato ta zauna fiye da shekara ɗari.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ita ce ta kai hanyar tarjama matuƙa, domin ta ga cewa bayan yaƙe-yaƙe garuruwan daula sun cika da mata masu jin Hausa kaɗai, waɗanda da yawansu ba su rabu da bori ba. Ta mayar da waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ta yi nata na begen Annabi, da na jerin sunayen surorin Alƙur'ani, da na tawassuli da mata salihai, da Waƙar Gewaye mai ba da labarin hijira da yaƙoƙin jama'a. Ƙanenta Isa, autan Shehu, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu ta kuma rene shi, wanda daga baya ya riƙe Kware, ya taimaka mata a wannan aiki. Misalin da ya fi kowane bayyana yadda ake tsara waƙa a gidan nan shi ne Tabbat Haƙiƙa: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Asma'u ta juya ta zuwa Hausa, Isa ya yi mata tahamisi, kowane baiti kuma yana ƙarewa da lafazi guda wanda jama'a ke amsawa. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to, ga waƙa mai iyayengiji uku, na huɗunsu kuwa duk wanda ya buɗe baki ya karɓa.

Sa'an nan ta kafa 'Yan Taru, waɗanda idan aka duba da idon basira za a ga su ne ƙungiyar mawaƙan addini mafi tsari da ƙasar nan ta taɓa gani. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa amintacciya a naɗa ta jaji, Asma'u ta ba ta malfa ta ɗaura mata jan ƙyalle a kai, alamar izini. Idan kaka ta wuce aka kai amfanin gona rumbu, hanya ta bushe, sai jaji ta tattara tsofaffin mata da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, tun da matan aure suna tsare a ɗakunansu, su ɗauki sadakar hatsi da zuma da man shanu da sawaye, su taka zuwa Sakkwato ko Wurno, suna rera abin da suka koya bara. A can su zauna gaban Asma'u, ta ja musu sabuwar waƙa baiti-baiti suna amsawa har ta zauna, sa'an nan su koma gida su koya wa waɗanda ba su sami zuwa ba. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryamu ta ci gaba da karɓarsu, bayanta kuma Tamodi, kuma Baturiyar nan Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato tana bincike, ta tarar da jajoji suna nan da malfunansu a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Ko da yake an raba fagen fada da na zaure, ginin waƙar bai rabu ba, domin kunnen da ke sauraron wannan shi ke sauraron wancan. Makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Salihu Jankiɗi mai taushi, da Ibrahim Narambaɗa da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo masu kotso, suna kafa waƙa a kan gindi, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. Jagora ya fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe tun bai ƙarasa ba, wani lokaci su yi masa ƙari da nasu, sa'an nan a sauka tare a kan gindin. Masu waƙar wa'azi sun san wannan sarai, suka kuma ci moriyarsa. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai hasken zuciya wanda ya rasu a 1990, ya ɗora waƙarsa ta Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya ɗauki tafiyar kiɗan ya bar gangar, domin ya janye mutane daga waƙar banza zuwa tuna lahira da begen Annabi. Kuma makafi masu bara, babba yana ja yaro yana amsawa, su suka kai ta kasuwanni da tashoshin mota har lungunan da littafin da aka buga a Zariya bai taɓa isa ba.

Shekarar Musulunci ita ce ta raba wa waɗannan waƙoƙi lokutansu. Rabi'ul Awwal na Ishiriniya ne da Burda da ƙasidar Hamziyya, wanda a Kano ake cika shi da Takutaha ranar da ta dace da sunan Annabi, a Daura da Gumel kuma da Sallar Gani. Ramalana na tafsiri ne, wanda shi ma mutum biyu ke ɗauke da shi, mai jan baki da mai fassara; amma daga daren goma ga wata yara sukan fito tashe, maza da nasu wasanni irin su Jatau Mai Magani da Macukule, mata da nasu irin su Samodara da Mairama da Daudu, suna bin gida-gida da gwangwani da ƙwarya, ɗaya yana bayarwa saura suna amsawa. Tashe ba ibada ba ne, raha ce da hannunka-mai-sanda ga malamin da ya saki hanya da maigidan da ya kasa riƙon gida, amma a nan ne yaron ƙauye yake fara koyon shigowa a kan lokaci da sauka tare da 'yan'uwa, kafin ya girma ya zauna a sahun masu amshin madahu. Lokacin tafiyar alhazai da komowarsu kuma yana da nasa waƙoƙin shauƙin Makka da Madina, waɗanda mata suka fi riƙewa.

Ƙarni na 20 ya zo da sauyi ta hannun ɗariƙu. Tijjaniyya ta shigo tun zamanin Sarkin Musulmi Bello, sa'ad da Alhaji Umaru Futi ya zauna Sakkwato shekaru ya auri 'yarsa, kuma ta sami masu karɓa a cikin malaman Gwandu, irin su Modibbo Raji wanda daga baya ya koma Adamawa. Amma yaɗuwarta cikin talakawa ta biyo bayan haɗuwar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Fatake da malaman Kano suka bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, da hanyoyin mota zuwa sauran kasuwanni, suna kafa zawiyoyi, inda ake kewaye farin ƙyalle a yi wazifa da murya ɗaya, ranar Juma'a kuma bayan la'asar a yi zikiri har faɗuwar rana. Diwanin Shehu Ibrahim, wanda ya rasu a 1975, ya shiga sahun Ishiriniya a daren Maulidi, zakirai masu manyan muryoyi suka yi masa karuruwa iri-iri, kuma mafi yawan wannan duka da murya kaɗai ake yinsa, sai dai kaɗa jiki da jeruwar numfashi su tsaya a matsayin kiɗa.

Ƙadiriyya kuwa, wadda ita ce ɗariƙar Shehu da zuriyarsa, a Kano aka sabunta ta a hannun Shehu Nasiru Kabara, wanda ya ziyarci Bagadaza a 1953 ya rasu a 1996, kuma shi ne ya fitar da bandiri daga 'yan zaurukan da aka san shi a cikinsu ya mai da shi tutar ɗariƙar. Asalin bandiri Afirka ta Arewa ne, inda Larabawa fatake suka zo da shi. Katako ne da aka lanƙwasa aka rufe fuska ɗaya da fata, ana riƙe shi da hannu ɗaya a buga da ɗayan, kuma akan haɗa manya da ƙanana, manya su riƙe tafiya, ƙanana su yi ado a tsakani, sha'iri yana ja, muridai suna amsawa ko suna anfasu, ana farawa a hankali ana ƙara sauri har a kai ƙololuwa. Maukibin da ake yi a Kano kowace shekara cikin Rabi'us Sani domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a 1166, ya zama matattarar ƙungiyoyin bandiri daga garuruwa masu nisa, kowace da tutarta da tufafinta. Da wannan ne abin bugawa ya shiga da'irar zikiri a fili, hujjar masu yi kuwa ita ce duffin da aka buga a gidan Annabi ranar idi bai hana ba, da babin sama'i na Imamu Gazali a cikin Ihya'u.

Ba za a cika wannan tarihi ba sai an ambaci Kiristoci masu ibada da harshen Hausa, domin su ma sun fuskanci mas'alar tsari, ta wata fuska dabam. Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna Zariya a 1905, mishan ɗinsa ta koma Wusasa a 1929, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Mishan ta SIM kuma, wadda majami'unta suka zama ECWA a 1954, ta riƙe asibitin kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, ta kuma yaɗa Littafin Waƙoƙi, wanda mafi yawansa tarjama ce daga Ingilishi a kan karuruwan Turai. Wahalar da aka samu ita ce Hausa harshe ne mai hawa da sauka da dogon wasali da gajere, karin Turai kuwa yakan ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, ya ɗaga wadda ya kamata a sauke. Waɗanda suka warware wannan su ne matan Zumunta, waɗanda suka koma ga bayarwa da amshi irin na gida, da tulu da caki da ƙarfe, suna ƙaga nasu waƙoƙin Kirsimeti da Ista da na godiyar kaka. A ƙasar Tambuwal da Kebbe Kiristoci kaɗan ne, galibi baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa, amma wanda ya gangara ƙasar Zuru zai ji wannan a majami'u da yawa.

Tsohuwar muhawarar Shehu da Abdullahi ta sake tasowa da ƙarfi ta bakin wani ɗan maƙwabtan Kebbe, wato Shehu Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi, wanda ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa, ya wallafa Al'aƙidatus Sahiha a 1972, tafsirinsa kuma yana shiga kowane gida ta Rediyon Kaduna har rasuwarsa a 1992. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta ɗauki bandiri da bikin Maulidi a matsayin bidi'a, aka yi shekaru ana ja-in-ja a masallatai, har wa da ƙane suka daina bin juna salla. Amma abin lura shi ne ko masu inkarin ba su bar amshi ba, domin makarantun Islamiyya na kowane ɓangare da waƙa suke koya wa yara rukunan Musulunci da siffofin Allah da tarihin Annabi, malama tana ja aji yana amsawa, ranar walimar sauka kuma a jera ɗalibai sahu-sahu cikin tufafi iri ɗaya su rera gaban iyaye. Ita ma badujala, wadda ta shigo da sojan Turawa bayan cin Sakkwato a 1903, ta sami gurbi a hannun 'yan agajin ƙungiyoyin addini, waɗanda ke fareti da ita a gaban jerin gwanon Maulidi.

Daga shekarun 1970 kaset ya sa muryar sha'irin Kano ko Gusau ta isa kasuwar ƙauye ba tare da ƙafarsa ta taka ba. Cikin shekarun 1990 wasu samarin Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karuruwan waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora musu yabon Annabi da bandiri, hujjarsu kuwa ba ta yi nisa da ta Namangi ba, wato a karɓe karin da ya riga ya kama zukatan matasa a sauya masa kaya. Bayansu fiyano da situdiyo suka zo, inda sha'iri ɗaya yake shiga ɗaki da mai na'ura, a ɗauki muryar 'yan amshi biyu ko uku sau ɗaya a riƙa maimaita ta, sa'an nan waƙar ta bi waya daga hannu zuwa hannu. Ribar wannan a bayyane take, domin madahu bai taɓa yaɗuwa kamar yau ba. Hasararsa kuwa ita ce garuruwa sun fara rera kari iri ɗaya, taron Maulidi kuma a wurare da yawa ya koma 'yan kallo a gaban lasifika, bayan a da kowa mai amshi ne.

Lafuzan wannan gado ba su cikin haɗari, gama takardun Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u suna ajiye a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa a Kaduna, an kuma tattara ayyukan Asma'u an buga su a littafi guda a 1997. Abin da ba ya cikin kowace takarda shi ne karin da dattawan Sanyinna da Tambuwal da Kebbe suke jan Ishiriniya da shi, da inda suke yanke numfashi, da gaɓar da jama'a ke shigowa, da yadda tsofaffin mata suke rera waƙoƙin Asma'u. Wannan ilmi ne na ƙirji, wanda ke tafiya kabari tare da mai shi idan ba a karɓa ba. Ya kamata ɗaliban sashen Hausa da na Larabci 'yan wannan yanki, tun da na'urar ɗaukar murya tana aljihun kowannensu, su zauna gaban waɗannan dattawa cikin ladabi idan watan Maulidi ya kama, su ɗauki mai ja tare da masu amshinsa, harafi bayan harafi, su rubuta sunan gari da silsilar wanda aka koya daga gare shi, kamar yadda magabata suke rubuta isnadin littafi. Sa'an nan, abin da ya fi ɗauka muhimmanci, su koyi karin da bakinsu su koya wa na bayansu. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya saka musu da alheri, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Amin.